Filin Tambaya da Amsa: Wai Allah yana hukunta mugu tun a duniya, ko sai ranar shari'a?

TAMBAYA: Baba Fasto ina gaisuwa, Ubangiji ya ƙara maka ƙarfi da lafiya. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni gwauruwa ce, maigidana ya rasu ya bar ni da yara. Kafin rasuwarsa akwai wani abokinsa da suka haɗa jari suna kasuwanci tare, kwatsam sai mutumin ya je ya haɗa takardun ƙarya ya nemo shaidu suka ce wai maigidana bashi ya ci a hannunsa ba jari ya zuba ba, haka aka ƙwace komai harda filin da muke sa ran ginawa. Baƙin cikin abin nan ne ya kwantar da shi, hawan jini ya kama shi, bai tashi ba. Yanzu shekaru sun tafi, mutumin nan sai gaba yake yi, ya sake mota, ya yi gini, a coci ma kujerar gaba ake ba shi saboda yana ba da baiko mai tsoka, ni kuwa kuɗin makarantar yara ma gagara ta yake yi. Duk wanda na yi wa kuka sai ya ce in yi haƙuri Allah ba ya barci, alhaki kwikwiyo ne. Toh Baba har yaushe? Shin da gaske Littafi Mai Tsarki ya ce mugu zai ga sakamakonsa tun a nan duniya, ko dai lallashi na kawai ake yi? Kuma zunubi ne idan na roƙi Allah ya nuna masa tun ina da rai in gani da idona?

AMSA: 'Yata, sannu. Ubangiji ya yi miki ta'aziyya, ya raya yaran nan. Tambayarki ba ta rashin bangaskiya ba ce, kar wani ya sa ki ji kamar kin yi saɓo. Annabi Irmiya ya yi wa Allah irin ta a sura 12, ya ce don me mugaye suke cin nasara, don me maciya amana suke zaune lafiya. Ayuba ya yi ta a sura 21, Habakkuk kuwa da ita ya buɗe littafinsa, har yana cewa Allah ya yi shiru yana kallo mugu na haɗiye wanda ya fi shi gaskiya. Waɗannan mutanen Allah ne, kuma ba a goge kukansu daga cikin Littafi ba.

Zan gaya miki yadda abin yake ba tare da na sa masa zuma ba. Eh, Littafi Mai Tsarki ya nuna Allah yana hukunta mugu tun a duniya, labaran suna nan birjik. Amma babu inda ya yi alkawari cewa kowane mugu sai an gama da shi a nan, kuma babu inda ya ce wanda aka zalunta sai ya gani da idonsa. Duk wanda ya ce miki nan da wata kaza ko shekara kaza mutumin zai faɗi, daga cikinsa ya faɗa, ba daga Littafi ba.

Labarin da ya fi kama da naki shi ne na Nabot, a 1 Sarakuna sura 21, kuma ina so ki zauna ki karanta shi a tsanake. Nabot yana da gonar inabi kusa da fadar sarki Ahab a Yezreyel, sarki ya ce ya sayar masa ko ya ba shi wata a madadi, Nabot ya ce a'a gadon kakanninsa ne. Ahab ya koma gida ya kwanta ya juya fuska ya ƙi cin abinci, sai matarsa Yezebel ta ce ya tashi ya ci, ita za ta samo masa gonar. Toh duba yadda ta yi, ta rubuta wasiƙu da sunan sarki ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawan garin ta ce a yi shelar azumi, a zaunar da Nabot a gaban jama'a, a samo 'yan iska biyu su ce ya zagi Allah da sarki. Kinga takarda, kinga shaidun zur, kinga kuma an lulluɓe abin da rigar addini. Aka fitar da shi bayan gari aka jajjefe shi har ya mutu, kuma a 2 Sarakuna sura 9 an ambaci jinin 'ya'yansa ma, wato harda magada aka kawar. Ahab ya sauka zai karɓi gona sai ga annabi Iliya a gabansa, ya ce masa ka yi kisa kuma ka ci gado ko? Inda karnuka suka lashe jinin Nabot haka za su lashe naka.

Amma fa ba ranar abin ya faru ba. Ahab ya tsorata ya yage tufafinsa ya sa tsummoki ya yi azumi, Allah kuma ya ce tunda ya ƙasƙantar da kansa, masifar gidansa sai a zamanin ɗansa. Daga baya ya tafi yaƙi a Ramot-gileyad ya ɓad da kama don kar a gane shi, wani soja kawai ya ja baka ya harba ba da nufin kowa ba, kibiyar ta shige ta mahaɗin sulkensa, aka tallafe shi a cikin karusa har yamma jini na zuba, ya mutu, da aka je wanke karusar a tafkin Samariya karnuka suka lashe jinin. Yezebel kuwa ta ƙara fiye da shekara 10 tana zaune a fada, 'ya'yanta biyu suka yi sarauta ɗaya bayan ɗaya, har ranar da Yehu ya shigo Yezreyel, ta shafa tozali ta gyara kanta ta leƙo ta taga, fadawanta na cikin gida suka jefo ta ƙasa, da aka zo binne ta ba a samu komai ba sai ƙoƙon kai da ƙafafu da tafin hannu. Ɗanta Yoram kuma a filin Nabot ɗin aka jefar da gawarsa. Babu abu ɗaya da Allah ya manta. Sai dai ki lura da wani abu da masu wa'azi ba su cika tsayawa a kai ba, shi Nabot bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, kuma duk wanda ya zauna a garin nan a waɗancan shekaru yana kallon gonar a hannun gidan sarki, zai iya rantsewa cewa an ci bulus.

Akwai waɗanda nasu bai ɗau lokaci ba. Gehazi ya bi Na'aman a guje ya yi ƙarya da sunan maigidansa Elisha ya karɓo azurfa da riguna, ya fita daga gaban annabin da kuturta a jikinsa. Hananiya da Safiratu suka yi ƙarya a kan kuɗin fili, a Ayyukan Manzanni sura 5, tsakanin mutuwar miji da ta mata kamar awa uku ne. Haman an rataye shi a kan gumagumin da ya kafa domin Mordekai. Hirudus Agaribas wanda ya sa aka kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, ya zauna a Kaisariya cikin kayan sarauta jama'a na ihu wai muryar allah ce ba ta mutum ba, ya karɓi yabon, tsutsotsi suka cinye shi ya mutu, wannan a shekara ta 44 bayan haihuwar Almasihu ne, har masanin tarihin Yahudawa Yosifus ya rubuta labarin mutuwar tasa.

Toh amma ki ɗora wannan kusa da na Manassa. Ya hau sarautar Yahuda yana da shekara 12, ya yi shekara 55 a kan karaga, babu sarkin Yahuda da ya kai shi daɗewa, kuma Littafi ya ce ya cika Urushalima da jinin marasa laifi daga wannan gefe zuwa wancan, har ɗansa na cikinsa ya miƙa hadaya ta wuta. An kama shi an kai shi Babila, ya tuba, Allah ya dawo da shi, ya mutu a gida aka binne shi a lambunsa. Jikansa Yosiya kuwa, wanda aka shaida babu sarki kamarsa wajen juyo wa Ubangiji da dukan zuciya, a fagen yaƙi a Magiddo aka kashe shi a shekara ta 609 kafin haihuwar Almasihu, bai ma cika shekara 40 ba. In da a ce duk lissafi a nan duniya ake rufe shi, wannan kam bai daidaita ba. Shi ya sa Mai-Wa'azi ya faɗa ƙarara a sura 8 cewa akwai masu adalci da ke samun abin da ya dace da mugaye, akwai mugaye da ke samun abin da ya dace da masu adalci, kuma saboda ba a saurin yanke hukunci shi ya sa zuciyar mutane take ƙara ƙarfi wajen aikata mugunta. Littafi bai ɓoye wannan ba, mu ma bai kamata mu ɓoye ba.

Don me Allah yake jinkiri? Dalilin da ya fi fitowa fili shi ne tuba, Romawa sura 2 da 2 Bitrus sura 3 duk sun faɗa, haƙurin Allah ƙofa ce da ya bari a buɗe. Nasan wannan da ɗaci a kunnen wanda aka cuta. Amma ki tuna ranar da aka jajjefi Istifanas akwai wani saurayi da masu jifan suka ajiye rigunansu a wurinsa, yana goyon bayan kisan, shi ne daga baya ya zama manzo Bulus, in da wuta ta sauko ranar da babu Bulus, da babu wasiƙar Romawan da muke karantawa yanzu. Mu ma da a ce ranar da muka yi laifi ranar ake biyan mu, waye zai rage?

Sannan akwai wani irin hukunci da ido ba ya gani, kuma ni a ganina shi ya fi ban tsoro. A Romawa sura 1 sau uku aka ce Allah ya sallama su, ya bar su ga son zuciyarsu. Mutum ya yi zalunci ya ga ba abin da ya same shi, ya ƙara, ya zo ya zauna a gaban ikilisiya yana rera waƙa zuciyarsa ba ta ko motsi, babu mai iya gaya masa gaskiya saboda kowa yana ci a hannunsa. Ke kina ganin mota da gini, amma mutumin da Allah ya daina tsauta masa ba abin sha'awa ba ne, don Ibraniyawa sura 12 ta ce wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake horo. Asaf a Zabura 73 ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame saboda kishin masu girman kai, sun yi ƙiba ba sa shan wahala irin ta sauran mutane, har ya fara cewa a banza ya tsarkake zuciyarsa, sai da ya shiga Haikalin Allah ya gane a wuri mai santsi aka tsayar da su.

Game da addu'arki kuwa, ba zunubi ba ne ki kai ƙara wurin Allah, ki faɗa masa sunan mutumin da abin da ya yi, ki ce Ubangiji ka bi mini hakkina. Fitowa sura 22 ta ce in aka wulaƙanta gwauruwa ko maraya suka yi kuka gare shi, lalle zai ji. Yesu da kansa ya ba da misalin gwauruwar da ta dami alƙali har ya bi mata hakkinta, a Luka sura 18. Inda zan ja miki kunne shi ne kar ki zaɓa wa Allah bulala, kar ki ce sai ya haukace ko sai 'ya'yansa sun mutu, kuma ki guji masu cewa ki kawo kuɗi su yi addu'ar da za ta kashe shi. Yakubu da Yahaya sun nemi su kira wuta ta cinye wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓar Yesu, sai ya juya ya tsawata musu. Kuma kar ki ɗaure rayuwarki a kan jiran ranar faɗuwarsa, ya riga ya ƙwace dukiya, kar ya haɗa da barcinki da lafiyarki, yaran nan ke kaɗai suke da ita.

Wani abu kuma, mutane suna karanta Romawa 12 inda aka ce ramuwa ta Ubangiji ce su tsaya nan, alhali sura ta 13 da ke biye ta ce mai mulki bawan Allah ne, ba a banza yake riƙe da takobi ba, an sa shi ne don ya hukunta mai mugun aiki. Wato kotu tana ɗaya daga cikin hanyoyin da Allah yake hukunta mugu a duniya. In akwai wata takarda da ta rage a hannunki ko wani da ya san gaskiyar yadda aka haɗa jarin, ki nemi lauya ya duba ko da sauran hanya. Tunda kuma mutumin ɗan ikilisiya ne, ki bi matakan Matiyu sura 18, ki same shi, in ya ƙi ki koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi ki kai gaban dattawa. Dattawan da suka ji wannan magana suka kau da kai saboda baikonsa, su ma suna da amsar da za su bayar.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Akwai wani mutum da kowa ya san shi da cutar mutane, kwanan nan ɓarin jikinsa ya shanye, sai jama'a suka dinga murna ana cewa alhaki ne ya kama shi, ni ma na ce haka. Toh amma mahaifiyata mai tsoron Allah ce sosai kuma irin wannan ciwon ne ya kwantar da ita, yanzu abin yana damuna. Ta yaya ake gane ciwon da hukunci ne da wanda ba hukunci ba?

AMSA: Ɗana, Ubangiji ya ba mama sauƙi. Amsar gajeriya ce, ba a ba mu wannan ma'aunin ba. Yawancin labaran hukunci da na kawo a sama mun san hukunci ne saboda Allah da kansa ya faɗa ta bakin annabi ko manzo, ba don maƙwabta sun zauna sun yi hasashe ba.

An taɓa kawo wa Yesu labarin wasu Galilawa da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya, a Luka sura 13, sai ya tambaye su, kuna tsammani sun fi sauran Galilawa zunubi ne? Ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu, ya ce ko kaɗan ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, amma in ba ku tuba ba duk haka za ku hallaka. Ka ga ya ɗauke yatsan daga kan matattu ya mayar kan masu kawo labarin. Haka a Yahaya sura 9 almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka ce waye ya yi zunubi, shi ko iyayensa, Yesu ya ce ba shi ba ne ba kuma iyayensa ba. Abokan Ayuba su uku sun cika surori suna nace masa cewa tabbas akwai abin da ya ɓoye, a ƙarshe Allah ya ce ya yi fushi da su don ba su faɗi gaskiya game da shi ba, sai da Ayuba ya yi musu addu'a.

Wanda ya fi nuna raunin irin wannan lissafi shi ne abin da ya faru a tsibirin Malta, Ayyukan Manzanni sura 28. Jirgi ya fashe, Bulus ya tsira, yana tara itace yana sawa a wuta sai maciji ya ɗafe masa hannu, mutanen wurin suka ce lalle wannan mai kisankai ne, ya tsira daga teku amma alhaki bai bar shi ba. Suka zuba ido suna jira ya kumbura ko ya faɗi, da suka ga shiru sai suka juya suka ce ai allah ne. Mutum ɗaya, rana ɗaya, kuma duka biyun ba su faɗi daidai ba.

Zai yiwu ciwon mutumin nan jan kunne ne daga Allah, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, in yana da hankali zai binciki kansa. Kai dai naka shi ne Karin Magana sura 24, kar ka yi murna in maƙiyinka ya faɗi, don kar Ubangiji ya gani ya ji haushi. In za ka iya ma ka je ka gaishe shi, mutum a kan gadon ciwo yakan saurari abin da bai taɓa saurara ba yana tsaye. Mama kuwa kar ka bari kowa ya zo kusa da gadonta da maganar wai ta tuna abin da ta yi, ku kai ta asibiti ku bi abin da likita ya ce, ku ci gaba da addu'a.

TAMBAYA: Baba, mahaifinmu ya cuci mutane da yawa kafin ya rasu, ana ce mana wai mu za mu biya. Gaskiya ne?

AMSA: Masu faɗin haka Fitowa sura 20 suke riƙewa, inda aka yi maganar tsara ta uku da ta huɗu, sai dai ayar ta ce na waɗanda suke ƙin Allah, wato 'ya'yan da suka ɗora daga inda uba ya tsaya. Ezekiyel sura 18 ta warware zancen, ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, wanda ya yi zunubi shi zai mutu, har ta kawo misalin ɗan da ya ga muguntar ubansa ya ƙi bin sawunsa, ta ce zai rayu. Tabon abin da uba ya yi kam yakan taɓa gida, ɓacin suna, gaba da mutane, gidan Dawuda ma ya sha wannan bayan maganar Uriya, sojan da Dawuda ya sa aka kashe ya ɗauki matarsa, duk da Allah ya gafarta masa. Amma tabo daban, hukunci daban. Abin da zan tambaye ku shi ne, a cikin gadon da ya bari akwai abin da kuka san na wani ne? In akwai, ku zauna ku 'yan'uwa ku nemo masu shi ko magadansu ku mayar musu, kamar yadda Zakka ya tashi ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Ku fara da wanda kuka fi tabbatar da hakkinsa, ku tafi da wani dattijo ya zama shaida, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu.